Ruwan Sanyi Yana Ƙona Shi

Suleja, farkon damina

Zuwa ga Yayana Kamaluddeen,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya aikin jirgi, ya zaman teku? Mama tana nan Iku lafiya, sai ƙafar nan tata da ke tashi idan hadari ya haɗo. Muhsina ma lafiya lau, tana gaida Kawunta.

Na kira layinka har na gaji, na san kuna tsakiyar ruwa. Shi ya sa na zauna na rubuta a takarda, zan ɗauki hotonta in tura maka, duk ranar da kuka sami sabis ka gani. Ba zan iya faɗin maganar da baki ba, gidan nan cike yake da 'yan dubiya, ko ɗaki na shiga akwai mai saurare.

Yaya, mijina ba shi da lafiya. Tun da Nuraddeen ya sauka a Abuja muka ga ba daidai yake ba. Ya ce a jirgin sama ya yi ta amai da gudawa. Muka ɗauka gajiya ce da canjin abinci, kuma wannan ya tsaya. Abin da ya biyo baya ne ban san sunansa ba.

Ruwan sanyi yana ƙona shi. Haka na rubuta, ban yi kuskure ba. Ranar da abin ya fara, na zuba masa ruwan randa a buta zai yi alwalar azahar. Yana zubawa a hannu ya saki butar, ya ce don me zan ba shi tafasasshen ruwa. Na tsoma hannuna, ruwa sanyi ƙalau. Na miƙa masa lemo daga firji, ya yar da kwalbar, wai kamar ya riƙe garwashi. Ko tayil ɗin ɗaki ba ya iya takawa da safe sai da takalmi. Ga ƙaiƙayi, yana sosa jikinsa har jini. Leɓɓansa da kan yatsunsa sun mutu. Ya ce haƙoransa duk suna girgiɗi za su zube. Na taɓa su ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya motsa.

Mun je asibiti. An gwada zazzaɓin cizon sauro, an gwada taifot da suga, ba a ga komai ba. Likita ya ce zuciyarsa tana bugawa a hankali fiye da yadda ya kamata, ya tambaye shi ko yana shaye-shaye. Ka san Nuraddeen, ko goro ba ya ci. Aka yi masa ƙarin ruwa aka sallame mu.

Da ciwon a gida ya tsaya da sauƙi. Ranar Juma'a ya matsa sai ya je masallaci. A bakin famfo, gaban jama'a, ya daure ya wanke hannu, yana watsa ruwa a fuska ya durƙusa yana kuka kamar ƙaramin yaro. Ƙarshe taimama ya yi, ga ruwa yana zuba a gabansa. Kafin la'asar labari ya kai babbar kasuwa: ruwan alwala yana ƙona Nuraddeen. Yanzu rabin masu zuwa dubiya kallo suke zuwa yi. Baffa Haruna, ƙanin mahaifinsa, ya ce a gabana, "Mutum ba ya zuwa teku lafiyayye ya dawo yana gudun alwala haka kawai." Mahaifiyarsa, Inna Maiturare, kuka kawai take yi.

Na tambaye shi, ya ce ba abin da ya faru. Kai ka sama masa aikin nan, ɗaki ɗaya kuke kwana a jirgi. Don Allah me ya same shi? Ko mene ne ka gaya mini, zan iya ɗauka.

Ƙanwarka,
Ikilima

*

A teku

Ikilima, wa alaikumus salam. Ni lafiyata ƙalau. Muna wucewa ta gefen wani tsibiri ne sabis ya ɗan shigo, yanzu zai ɗauke, ba halin dogon bayani. Na ga takardarki. Ba shi kaɗai ba ne. Ranar da zai taho, wani abokin aikinmu Olu ya haɗa musu macijin teku, su huɗu suka ci a ɓoye. Ni na gani na ƙi. Duk wanda ya ci yana kwance, Fisayo abokinsa na ɗakin inji ya fi kowa jin jiki. Abin da ya ci ne yake cin sa. Kada ku ba shi kifi. Da mun isa Mombasa zan rubuto miki komai. Ki gaida Mama.

Kamaluddeen

*

Suleja

Yaya Kamaluddeen,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Mama lafiya, Muhsina tana wurinta a Iku, na kai ta can don kada ta riƙa ganin abin da ke faruwa.

Saƙonka ya iso, kuma da ma bai iso ba. Na karanta shi a tsaye a kicin. Maciji, Yaya? A ɓoye? Kai ka gani ka ƙi, shi ya ci?

Na shiga ɗaki na same shi yana sosa ƙafa. Na ce, "Baban Muhsina, me Olu ya haɗa muku?"

Ya ce, "Farfesun kifi ya yi mini na sallama."

Na ce, "Yaya ya ce maciji ne."

Ya daina sosa ƙafar. Ya ce, "Wallahi kifi na ci, Ikilima. Na rantse miki da Allah."

Na ce, "To Yayana ne maƙaryaci?" Na fita.

Ban iya riƙe abin ni kaɗai ba, na kai wa Inna wayar. Ita ba ta karatun boko, sai ta sa aka kira Baffa ya karanta mata. Ya karanta da ƙarfi a tsakar gida, yana maimaita wurare: ya haɗa musu, su huɗu, a ɓoye, abin da ya ci ne yake cin sa. Ya ce magana ta fito. Ya ce ya san irin wannan, samari ne ke shiga ƙungiyar asiri don neman dukiya, a ba su abin ƙazanta su ci su yi rantsuwa, shi ya sa ruwan tsarki ba ya karɓar jikinsa. Har hana shi kifi da ka ce, Baffa ya ce sharaɗin abin ne.

Akwai wani mai magani a wani ƙauye bayan Sabon Wuse, idan an saki titin Kaduna. Baffa ya ce can za a kai shi. Inna ta juyo ta ce, "Ke ce matarsa, me kika ce?" Yaya, na ce a kai shi. Da bakina na faɗa.

Da suka zo ɗaukarsa bai yi gardama ba, ba shi da ƙarfin yi. Ni na sa masa takalmi. A bakin mota ya ce mini, "Ke ma?" Shi ke nan abin da ya ce.

Mai maganin ya ce aljanin ruwa ne ya zauna a jikinsa, kuma da ruwa za a fitar da shi. Kowace safiya ana zaunar da shi a kwarara masa ruwan rijiya da aka jiƙa magani a ciki, bokiti bayan bokiti. Ranar farko ina wurin. Ihun da ya yi ban taɓa jin irinsa daga bakin mutum ba. Mai maganin ya ce in kwantar da hankalina, ba mijina ne ke ihu ba, abin ne ke ƙonewa.

Ina so in yarda da haka, don idan ba haka ba ne ban san me na yi ba. Ka ce za ka rubuto komai. Ka rubuto. Wane ne Olu? Me ya sa ka gani ba ka hana shi ba?

Ikilima

*

Suleja

Yaya,

Salamu alaikum. Shiru har yanzu. Kullum ina duba waya, alamar takardata ta baya ba ta nuna ka buɗe ba. Allah ya sa lafiya. Mama tana tambayarka, na ce mata kuna kan hanya.

Na je ganinsa. An sa masa sarƙa a ƙafa, an ɗaure a jikin wani turke a cikin rumfa, wai ya yi ƙoƙarin gudu lokacin wanka. Ina zai gudu, mutumin da ko miƙewa ya yi sai jiri ya kwashe shi? Ya rame, wuyansa kamar na tsoho. Wurin sarƙar ya yi gyambo. Wani da ke jinyar ɗan'uwansa a can ya ja ni gefe ya ce mini jiya ya suma a tsakiyar wankan, sai da aka daɗe ana firfita kafin ya farfaɗo. Na gaya wa mai maganin likita ya ce zuciyarsa ba ta bugawa daidai. Ya ce likita ya gwada nasa ya kasa, shi ya sa muka zo nan.

Ba ya cin abincinsu. Ni nake dama masa kunun gyaɗa in kai masa a filas, shi kaɗai yake iya haɗiyewa. Amma yana sha ba da jimawa ba ƙaiƙayin ke tashi, ya yi ta birgima a ƙasa. Sun ce alama ce abin yana jin jiki.

Bai kalle ni ba. Na zauna kusa da shi tun hantsi har aka kira la'asar, bai ce mini uffan ba. Da lokacin sallah ya yi na ga ya buga tafin hannunsa a ƙasa ya yi taimama, ya yi sallarsa a zaune da sarƙar. Yaya, mutumin da ya sayar da imaninsa yana yin haka? Tun da na dawo tambayar ta hana ni sukuni.

Na ce wa Baffa a dawo da shi. Ya ce ba a katse magani a tsakiya, kuma ai ɗan'uwana ne ya ba da shaida. Na sake karanta saƙonka, na haddace shi. Ban ga inda ka ce tsafi ba, amma ban ga inda ka ce ba tsafi ba ne.

Idan ya mutu a rumfar nan, ni da kai muka kai shi. Don girman Allah ka yi magana.

Ikilima

*

Mombasa

Ƙanwata Ikilima,

Assalamu alaikum. Ina lafiya a jiki. Mun yi kwanaki da isowa tashar jirgi muna fama da marasa lafiya, sai ɗazu na sami layin waya, takardunki biyu suka shigo tare. Na kira ki bai shiga ba, don haka ki karanta wannan, kina gamawa ki tashi.

Ku fito da shi. Yau, ba gobe ba. Kifi ya ci. Nuraddeen bai yi miki ƙarya ba.

Olu kukunmu ne, shi ke dafa mana abinci. Da na ce ya haɗa musu, farfesu nake nufi. Da na ce a ɓoye, don kyaftin ya hana kamun kifi a inda muka tsaya ne, mu kuma muka ɗauka tsananinsa ne kawai. Macijin teku sunan da ni na sa masa ne, don ban san sunansa da Hausa ba. Ma'aikatan jirgi more suke ce masa. Kin tuna gaiwar da ake haƙowa a fadama muna yara? Haka yake, dogo ba ɓawo, sai dai wannan ya fi ni tsawo, kaurinsa ya kai cinyata. A ramukan duwatsun murjani yake zama a ƙarƙashin ruwa, ya leƙo da kai kawai yana buɗe baki yana rufewa, haƙoransa sun karkata ciki. Olu ya kama shi da ƙugiya a gefen tsibirin da Nuraddeen zai hau jirgin sama. Ni na gan shi a kwance a bayan kicin, jikinsa duk ɗigo-ɗigo yana yauƙi, raina bai ba ni ba. Ƙyama ce kawai ta hana ni, ba wani sani ba. Nuraddeen yana ɗaki yana haɗa kaya, bai gan shi ba sai a kwano, an yanka gunduwa-gunduwa. Halal ne kamar kowane kifi.

An kai marasa lafiyarmu asibiti a nan, na tsaya na ji bayanin likita da kunnena. Ya ce akwai wasu ƙananan halittu masu dafi da ke manne wa ciyawar duwatsun nan. Ƙananan kifaye su ci, manya su ci ƙanana, shi kuma wannan ya yi shekaru a raminsa yana cin kowa, dafin yana taruwa a jikinsa, ya fi yawa a hanta da kai. Wuta ba ta kashe shi, kuma ba a jin sa a baki. Jijiyoyi yake taɓawa, shi ya sa sanyi ke zama musu kamar wuta. Sunan ciwon siguwatera, ki nuna wa likita wannan kalmar. Ya ce ba shi da wani magani na kai tsaye, sai kulawa da lokaci, yakan ɗauki watanni, kuma yawanci ana warkewa. Abin tsoron shi ne zuciya da numfashi. Ya ce a daina taɓa shi da ruwan sanyi, a sirka masa mai ɗumi. Kada ya ci kifi, kada ya ci gyaɗa ko wani abu da aka yi da ita, suna tayar da ciwon.

Yanzu abin da ya fi mini nauyi. Fisayo ya rasu kafin mu ga ƙasa. Numfashinsa ne ya yi ta raguwa, muna kallo, ba mu da abin yi. Ni da wani muka naɗe shi muka sa shi a ɗakin sanyi. Kada ki gaya wa Nuraddeen yanzu. Tare suke aiki, tare suke cin abinci, ban san abin da zuciyarsa za ta yi ba.

Na san Baffa zai ce ina kare surukina ne. An mayar da Olu gida, yana wani asibiti a Legas. Na sa miki lambar matarsa a ƙasa, sunanta Bose. Ki kira ta ta bidiyo a gaban Inna.

A saƙon nan na farko ina da lokacin rubuta layi shida kawai, na ɓata shi a kan kalmomin da ba su ba. Allah ya yafe mini. Ki tashi.

Yayanki,
Kamaluddeen

*

Abuja, a asibiti

Yaya Kamaluddeen,

Assalamu alaikum. Yana raye. Na fara da wannan don na san shi kake jira. Mama lafiya, Muhsina lafiya.

Da na gama karanta takardarka, filas ɗin kunun gyaɗa yana gabana na riga na cika shi. Na juye shi a kwata, na tafi wurin Baffa a shagonsa. Ya karanta har ƙarshe, ya miƙo mini wayar. Ya ce, "Da farko ya faɗi gaskiya, yanzu ya ga abin ya zama abin kunya yana gyarawa. Ki koma gida."

Na wuce wurin Inna na kira Bose. Ba ta jin Hausa, muka yi magana da Turancin buroka, ina fassara wa Inna. Tana jin ni ce matar Nuraddeen ta fashe da kuka. Ta juya wayar, sai ga Olu a gadon asibiti, hannuwansa duk sun yi jina-jina da susa, irin na Baban Muhsina sak. Na roƙe ta ta yi haƙuri ta nuna wa tsohuwa. Ta ɗauko gorar ruwa mai sanyi ta ɗora masa a damtse. Ya fizge hannun yana jan iska ta haƙora, yadda ɗanta yake yi, ba bambanci.

Inna ta ce, "Tambaye ta, shi ma wurin alwala abin ya kama shi?"

Na ce, "Inna, Kirista ne."

Ta sake kallon hannun Olu a wayar. Can ta ce, "Ashe ba alwalar ba ce." Ta miƙe ta ɗauki mayafinta.

Maƙwabcinmu Malam Abubakar, mai jigilar ma'aikata zuwa Abuja, shi ya ajiye aikinsa ya kai mu. Ana ruwa, hanyar ƙauyen ta lalace, muka ƙarasa da ƙafa. Mun tarar an gama yi masa wankan safe, yana kwance a jiƙe, leɓɓansa sun yi fari, idonsa a buɗe amma ba ya bin kowa da kallo.

Mai maganin ya ce saura kaɗan aiki ya kammala, kuma idan muka ɗauke shi yanzu abin zai koma kan 'yarmu Muhsina. Na ji tsoro, ba zan ɓoye maka ba. Ya ce kuma wanda ya kawo shi ne kaɗai zai iya karɓarsa. Inna ba ta yi musu da shi ba. Ta tafi jikin turken ta zauna a cikin taɓo, tsohuwa da ciwon baya, ta miƙe ƙafarta. Ta ce, "To kawo wata sarƙar. Ni na haife shi, in akwai abin da ke jikinsa daga wurina ya samo. Gobe ka haɗa mu ka yi mana wankan." Masu jinya suka fara taruwa. Mai maganin ya yi magana, ya sake yi, ba ta ɗaga kai ba. Ƙarshe ya jefo makullin ƙasa. Ni na buɗe. Malam Abubakar ya goya shi har mota.

A nan asibitin na nuna wa wata likita sunan da ka rubuto. Ta ce ba ta taɓa ganin mai ciwon ba, amma ta bincika ta kira babbansu. Sun sa masa na'ura a ƙirji. Sun ce da an ƙara jinkiri da labarin ya canza. Gyambon ƙafar ya yi zurfi, ana wanke shi kullum.

Baffa bai zo ba. Yana gaya wa mutane mun katse magani, duk abin da ya biyo baya mu muka jawo. A unguwa ma wasu ba za su taɓa daina faɗin abin da suka ji ba, na san da haka.

Wannan duk zan iya ɗauka. Abin da na kasa shi ne, har yanzu bai yi mini magana ba. Daga hannun Inna yake cin abinci. Idan na kawo ruwan ɗumi sai ya jira ta karɓa ta ba shi. Na durƙusa a gefen gadon na ba shi haƙuri, na ce saƙon ne ya ruɗe ni. Ya juya fuskarsa bango. Ya ce, "Na rantse miki da Allah, Ikilima."

Yaya, kai kalma ka kuskure. Ni mutumin da na zauna da shi shekara da shekaru na kalla na ƙi yarda. Ban san ko ana warkewa daga wannan ba.

Ƙanwarka,
Ikilima

*

Suleja, ƙarshen damina

Zuwa ga Yaya Kamaluddeen,

Assalamu alaikum. Ni ne Nuraddeen. Rubutun na Ikilima ne, yatsuna ba su riƙe biro tukuna, ni nake faɗa tana rubutawa. Ina fatan kana lafiya, kai da duk mutanen jirgi.

An sallame ni, ina gida. Da sauƙi sosai. Ƙaiƙayin ya ragu, ina taka ƙasa, ina zagaya tsakar gida da sanda. Sanyi har yanzu yana cizo amma ba kamar da ba. Likita ta ce in manta da teku a bana. Ka gaya wa kyaftin, kuma ka ba shi haƙuri a kan dokarsa da muka karya.

An ce kana ta damuwa a kan saƙon da ka turo. Ka daina. Kai ka faɗi abin da ka gani. Sauran maganar tsakanina da mutanen gidana ce, muna yin ta a hankali.

Na ga Olu a waya, mun yi dariyar juna, shi ma ya zama kamar sanda. Amma Fisayo nake ta nema. Layinsa ba ya shiga, na tambayi Olu ya ce sabis ne ya katse. Na san halinsa, wataƙila ya koma jirgi ya sa waya a akwati. Ka ce masa ya kira ni. Ka ce masa ina tuna shi kullum, don ranar nan Olu ya zuba mini hantar kifin gaba ɗaya, wai ni ne mai tafiya, ni kuma ba na son hanta, na juye masa a kwanonsa. Ya cinye yana yi mini tsiya wai Bahaushe bai san daɗi ba. Tun da likita ta ce a hanta dafin ya fi yawa hankalina bai kwanta ba. Ka gaya mini gaskiyar yadda jikinsa yake. Ka ce masa idan ya sami hutu ya zo Suleja, ɗakin baƙi yana nan.

Naka,
Nuraddeen

Yaya, ni ce. Ya shiga ɗaki ya kwanta, wannan bai san na ƙara ba.

Yau da safe ya kira sunana, ya ce in ɗauko biro da takarda. Shi ne abu na farko da ya nema a wurina tun daga rumfar nan. Na zauna kusa da shi, kafaɗarsa tana taɓa tawa, na rubuta duk abin da ya ce, har da ɗakin baƙi.

Kada ka amsa masa maganar Fisayo. Kada kuma ka yi masa ƙarya. Ba na so ya ji wannan daga takarda, mun ga abin da takarda take yi. Likita za ta duba zuciyarsa ranar Litinin. Idan ta ce ba komai, muna dawowa gida zan zaunar da shi in gaya masa da bakina, ina kallon idonsa. Wataƙila ya sake juya mini baya don na ɓoye. Ko ya juya, ina nan zaune.

Ka turo mini lambar mahaifiyar Fisayo. Na san shi, yana gama kuka ita zai nema.

Ikilima